Tsawon Ikrama da Lubna

Maman Ikrama,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, sai zafin Jidda.

Takardun zuwanku sun kusa fitowa, amma kafili, wato ubangidana na wurin aiki, ya ce babu gida, sai dai in zaɓi karafan, wato ɗakin ƙarfe mai taya, a ajiye mana kusa da wurin aiki. Kada hankalinki ya tashi, akwai na'urar sanyi.

Jiya na duba guda biyu a bayan unguwar Madain Fahd. Na farko gadon yara ɗaya ne, na ƙi shi, tunda Lubna ta cika goma, dole a raba musu shimfiɗa. Na biyu gado biyu ne, sama da ƙasa, amma gajeru. Mai sayarwa ya tambaye ni tsawon yaran, na kai hannu daidai ƙuguna. Ya ce halas, wato shi ke nan, za su ishe su. Sai da na hau mota na tuna shekara huɗu ke nan rabona da su.

Don Allah ki jingina su da bango ki auna, ki aiko mini. Kada ki bari su gane babansu bai sani ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Nasir