Kifin Shaida

Hasna, 'yar kawuna, taubashiyata tun muna wasan yashi a bakin ruwa, rijiyata mai daɗi a ƙasar da kowace rijiya gishiri ce, inuwar gorubata da tsakar rana, fitilar Ras Bir da nake hangowa in gane hanyar gida! Ina yi miki sallama daga unguwar Arhiba a Jibuti, daga ɗakin Inna Momina, gwaggonki, inda nake zaune tun da asibiti suka sallame ni.

Kin ga har yanzu bakina bai manta kirarinki ba. Na rubuta, na karanta, ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba. Da can in na ce Hasna, ko a zuci ne, sai in ji kaina kamar kwale-kwale ya hau igiyar ruwa ya faɗo. Yanzu ina faɗa, sunan ya fita kawai, ya tsaya a ɗaki. Kada ki ce ke kaɗai ce. Shayi ma haka, ba zafi ba sanyi. Likita ya ce kunnena na hagu ya tafi ke nan, na ce to. Ya sake faɗa da ƙarfi, yana zaton ban ji ba, na sake cewa to. Da Inna Momina take ba ni labarin jana'izar Burhan, yadda garinmu Obok kaf ya fito, ita tana kuka, ni kuwa ina kallon wani ƙuda a bakin kofi. Ɗan'uwanki fa, Hasna, abokina, wanda muka haɗa jirgi da koma, kuma har yau hawaye ko ɗigo bai zo mini ba.

Ita ce ta kawo mini saƙonki da ta dawo daga ta'aziyya. Ta daɗe tana gyara mayafi kafin ta buɗe baki. Ta ce, "Dabale, yarinyar nan ta ce kada ka koma saboda ita. Wai wadda ta ci kifin ɗan'uwanta ba ta shiga lalle." Ta ce kin daina fita bakin ruwa, kuma tun ranar ba ki sa kifi a baki ba. A Obok! To me kike ci, hasken idona? Gurasa da ruwa? Kawu Humed ya aiko cewa maganar aure tana nan yadda iyaye suka ƙulla, 'yar kawu ta ɗan gwaggo ce. Na gode masa. Amma ba al'ada nake so ta kawo mini ke kamar an jawo akuya da igiya ba. Shi ya sa na zauna rubutu, ni da rabona da alƙalami tun makaranta.

Kin tuna yadda tekun nan take kafin su zo? Mu da ita da manyan jiragen dakon kaya, su bi layinsu can tsakiyar mashigin Babul Mandab, mu bi namu. Sai mutanen tsallaken teku suka fara harba makamai masu linzami a kan jiragen, suna kuma sako ƙananan kwale-kwale cike da bam, ba kowa a ciki, su tafi da gudu su daki jirgi. Daga nan sai jiragen yaƙi suka cika ruwa, toka-toka, kowanne da tutarsa, kowanne da jirgi mai saukar ungulu zaune a bayansa. Sama kuma jirage marasa matuƙi suna ta zuwwa kamar sauro, ana jin su ba a ganin su. Burhan yakan tsaya a gaban jirgi ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, ɗan gwaggo, mun zama manya fa! Duk tutocin duniya sun zo gadin ƙofar gidanmu. Saura mu masu gidan mu nuna shaida kafin mu shiga."

Shaidar kuwa kifi ce. Ban san wanda ya fara ba, amma kafin a jima kowane jirgi ya koya. Ka ware ƙaton kifi ɗaya daga kamun jiya, ka ajiye a akwatin ƙanƙara, ba a sayarwa, ba a ci. In mai saukar ungulu ya zo kanku, mutum ɗaya ya miƙe ya ɗaga shi sama da hannu biyu. Su duba, su ga masunta ne, su juya. Sau nawa muka yi! Burhan har rawa yake yi da shi, yana ce musu, "Ga fasfo, yallaɓai, a buga hatimi!" Ni kuwa kin san tun kafin yaƙi nake ɗaga kifi, amma ba don su ba. Duk ranar da muka doso gaɓa da yamma na hango jan mayafinki a kan tudu, babban kamun ranar nake ɗagawa, ki ɗaga mini hannu ɗaya kamar ba ki damu ba. Tamu ce alamar nan kafin ta zama ta kowa.

Ranar nan da safe kika kawo mana gurasa mai zafi a ƙunshe. Ya Allah, Hasna, yadda kika yi kyau! Gashinki na ƙyalli da man shanu, ƙamshin turaren wuta na bin ki, ƙafarki duk yashi. Kika leƙa akwati kika ga kifin dirak ɗin nan mai tsawon hannuna, sai kika ja tsaki. Kika ce, "Oho, ashe soja ya fi ni. Shi ake ajiye wa mai kyau, ni 'yar kawu sai ƙananan da kuliyoyi suka raina." Na ce ba na ci ba ne. Kika ce, "Na sani, na budurwarka ce ta sama, mai fukafukin ƙarfe. Ka gaishe ta." Kika juya za ki tafi, kina waiwaye, dariya na neman ƙwace miki. Wane namiji ne zai ga wannan waiwayen ya tuna da wani soja? Na ciro kifin na ɗora miki a hannu. Burhan ya ce, "Haba ango, mu fa?" Na ce koma na ruwa tun jiya, da mun ja za mu sami goma irinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Allah ya sa surukanka na sama su jira mu ja." Muka tura jirgi, ni da shi muna dariya, ke ma kina yi daga gaɓa.

Zan gaya miki sauran tiryan-tiryan, don na ji mutane sun ba ki shi gutsi-gutsi, kowa da ƙarinsa.

Hantsi ya yi muna dab da komarmu, arewa da Godoriya, sai ga wani ƙaton jirgin dakon kaya ya baro layinsa ya matso gefenmu. Haka suke yi yanzu, suna raɓar gaɓarmu don gudun wutar tsallake. Ya nufo komar kai tsaye. Kin san abin da masunci yake yi in ya ga haka, abin da mahaifinki ya yi, kakanmu ya yi. Ka buɗe inji gaba ɗaya, ka tari jirgin, kana kaɗa zane, don matuƙin ya gan ka ya ɗan kauce. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya murɗa. Ban tuna cewa a idon mutumin da ke sama, ƙaramin kwale-kwale mai gudu zuwa ga babban jirgi abu ɗaya kawai yake nufi yanzu ba. Bayan jirgin kayan ashe akwai na yaƙi yana rakiya, ba mu gan shi ba sai da mai saukar ungulu ya taso.

Na sassauta inji. Iskar fukafukansa ta kwantar da ruwa kewaye da mu. Burhan ya buɗe akwati bisa sabo, ya ga ƙanƙara kawai. Ki ji wannan da kyau, Hasna, don ni kaɗai na gani. Bai ɓata rai ba. Ya juyo ya dube ni ya bushe da dariya, ya yi ihu don in ji, "Angon banza! Ka sayar da mu da waiwaye ɗaya!" Sannan ya miƙe a gaban jirgi, ya ɗaga hannayensa biyu sama, tafukan a buɗe, yana juya su don su ga babu komai.

Ban ji ƙarar harbin ba. Na dai ga kaina a ruwa, ina riƙe da rigarsa, katako na yawo, gurasarki na yawo. Ban san tutar ba. Kowa tambayata yake wace ƙasa ce, na ce ban duba ba. Jirgin kayan ya wuce abinsa, a kan komar kuwa ya bi. Wasu masunta 'yan Hor Angar suka tsamo mu. Shi aka yi gida da shi, ni aka yi asibiti da ni.

Yanzu ga maganar da ke cin ki. Da kifin na cikin akwati, da Burhan na raye? Na so in rantse miki cewa a'a, in huta, ki huta. A asibiti akwai wani tsohon masunci ɗan garin Moka a gadon kusa da ni, ƙafarsa ɗaya a naɗe. Ya ce, "Ɗana, ni da kifi a hannu suka same ni, ƙato kuwa. Wa ya gaya maka suna ganin kifi? Allo suke kallo." Washegari ɗan'uwansa ya zo dubiya ya ce shi sau uku kifi na fitar da shi. Suka yi ta musu a kaina har ma'aikaciya ta kore shi. To kin ji. Ban sani ba, kuma ba wanda zai taɓa sani. Abin da na sani, ke wasa kika yi, irin wanda taubasai ke yi tun da aka halicci kawu da gwaggo. Ni na miƙa, Burhan ya yi dariya, hannuna ya murɗa inji, wani mutum da bai san sunanmu ba ya danna abin da ya danna. In za a raba nauyin nan, naki bai kai ƙayar kifin ba. Kin gasa shi, kin ciyar da mahaifiyarki da ƙannenki, suka ci suka gode Allah. A duk abin da ya faru ranar, shi kaɗai ne ya tafi inda ya kamata.

Ba zan yi miki alkawarin Dabalen da kika sani ba, ya sanyin idona. Wancan mai waƙa a bakin inji, ban san inda yake ba, wataƙila yana can ruwan Godoriya. Wanda ya rage ba shi da jirgi, ba shi da koma, kunnensa ɗaya, kuma sai ya taɓa ƙirjinsa kafin ya tabbata akwai abin da ke bugawa. Amma ga wani abu ƙarami. Shekaranjiya Inna Momina ta zuba turare a kasko, irin naki, sai na ga na miƙe na je ƙofa na leƙa titi. Ban ji komai ba, wallahi, ƙafafuna ne kawai suka tafi neman ki. Na daɗe a tsaye a wurin. Na ce in ƙafa ta tuna, wataƙila sauran jiki zai biyo baya, in an ba shi lokaci, in kina kusa. Ke kina da hawayen da ba ni da su, ni kuma ina da dariyarsa ta ƙarshe da ba ki gani ba. Wa zai ba ki ita in ba ni ba? Wa zai koya mini kukansa in ba ke ba?

Ranar Laraba zan hau jirgin fito zuwa Obok. Karo na farko ke nan da zan taka ruwa tun ranar, kuma ban san ko zan ji tsoro ba. In na ji, zan yi murna. Zan je kabarinsa ko kin fito ko ba ki fito ba, zan gaida Kawu, zan durƙusa gaban mahaifiyarki. In ban ga jan mayafi a kan tudu ba, zan gane amsarki, in gaya wa Kawu da bakina cewa ni na janye, don kada kowa ya matsa miki. Bayan haka ba zan nemi wata ba, ba don jarumta ba, sai don ban san sunan da zan kira ba in ba naki ba.

Amma in kin fito, Hasna, ki dubi gaban jirgin. Zan tsaya a can inda Burhan yake tsayawa. Ba ni da kifin da zan ɗaga miki. Zan ɗaga hannayena biyu, tafukan a buɗe, babu komai a ciki. An yi wa na sama haka bai gane ba. Ke ki gane.

Naki tun muna wasan yashi, naki da ji da rashin ji, har ranar da za a kwantar da ni kusa da ɗan'uwanki,

Dabale