Ramin Gonar Garam

Suleja, Jihar Neja

Zuwa ga ɗana Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na katse maka karatu da wannan takarda. Na so in faɗa a waya, amma da na ji muryarka sai bakina ya yi nauyi, shi ya sa na rubuta, ƙanwarka Sakinatu za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Ina fata kana lafiya, da malamanka da abokan zamanka a Indiya. Mu nan alhamdulillahi.

Abokiyar aikinka Temitope ta zo kamar yadda ka ce. Mai ladabi ce, har ƙasa ta gaishe ni. Ta yi mini bayanin aikinku: kuna gwada Najeriya da Indiya, ku ga wacce ta fi sakin iskar nan da kuke kira metan daga abin da manoma ke samun wuta da shi. Wai a awonku namu kaɗan ne, bai kama ƙafar na can ba.

Daga nan ta roƙi in raka ta gonarmu ta Garam, wajen ramin kashin shanun da Babanku ya gina don gas ɗinsa ya riƙa tada injin ban ruwa. Ban taka wurin ba tun bara, ranar da ya shiga gyara aka fito da shi ba rai. Na bi ta ne don kada in ba ka kunya. Ta saita wata kyamara mai nuna abin da ido ba ya gani, ta ce in leƙa. Da idona, murfin siminti ne kawai da ciyawa. A cikin gilashin kuwa, wani baƙin abu ke fitowa ta tsagar murfin, yana miƙewa a hankali kamar mutumin da ya daɗe a durƙushe. Na san iska ce. Na nemi tsarin Allah, na kuma san matattu ba sa dawowa. Amma tun ranar, ko tukunya na buɗe tururi ya tashi, sai in tuna abin da na gani a gilashin nan.

Ga dalilin rubutun. Yayanka ya ji ramin na da sauran gas, ya ce asara ce, ga tsadar fetur, ga tumatir na neman ruwa. Ya ƙudura zai buɗe ya shiga ya gyara bayan sallar Juma'a mai zuwa. Hujjarsa maganarku ce: ai an auna, namu kaɗan ne. Na lallashe shi, ya ɗauka tsoro ne irin na uwa. Ni ban iya gardamar boko ba. Abin da na sani, wannan kaɗan ɗin ne ya ishi Babanku.

Temitope ta ce a ƙauyukan Indiya irin wannan rami ba ya ƙirguwa. To ka tambayar mini manomansu: suna shiga ciki? In suna shiga, me suke yi suke fitowa da rai? In kuwa ba sa shiga, ka kira yayanka ka faɗa masa da bakinka. Maganarka ce zai ji.

Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan Babanku. Don Allah ka amsa kafin Juma'a.

Mahaifiyarka,
Fiddausi