Fim ɗin da Tegan ta yi a kanmu ni da Graeme

Sydney, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Marlene,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayanki, da fatan kina lafiya ke da maigidanki Colin, kuma zafin Broome bai matsa muku ba. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aikin da aka yi miki shi ne na ƙarshe. Ni lafiyata lau, in ban da likita da ya raba ni da gishiri, abinci ya koma kamar ana tauna kwali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon waya, 'yarki Tegan ce. Ranar Lahadi ta zo gidana idanunta a kumbure, ta ce wata uku ke nan ba kya ɗaukar wayarta, tun da ta gaya miki ta gama fim a kanmu ni da abokin rayuwata, marigayi Graeme. Wai kin ce ƙanjamau ba abin dariya ba ne, kuma ba ki haife ta don ta baje sirrin gida a majigi ba. Ni ma da farko na yi ɗari-ɗari. To, ranar Alhamis da rana ta nuna mana shi a wani ƙaramin silima a unguwar Newtown, ni da tsofaffi biyar da suka rage cikin abokanmu na wancan zamani. Marlene, na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ta fara da yadda muka haɗu. Kin san a wajen jana'iza ne, a shekarar 1985, sau uku cikin wata guda muna cin karo. A ta ukun ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, tun da dai baƙar kwat ɗin nan ita kaɗai gare ka, zo in saya maka kifi da dankali kafin ta yage." Haka ta sa shi a fim ɗin, ba ragi. Ta sa girkinsa da ko kare ba ya ci, da waƙar da yake yi a banɗaki maƙwabta na buga bango. Ƙorafina ɗaya ne, wanda ya fito a matsayina sumarsa har kafaɗa. Na ce mata ko a lokacin ban taɓa mallakar rabin wannan ba. Ta ce, "Kawu, ai adalci na yi maka, wanda Allah bai yi ba." Ba ta ɓoye asibitin ba, da yadda wasu ke ajiye masa abinci a bakin ƙofa su juya. Amma Graeme da dariya ya yi jinyarsa, kuma haka ta nuna shi.

Yanzu bari in faɗi abin da nake ganin yana damun ki, ki yi haƙuri in na taɓa inda ke ciwo. Ba ki zo asibiti ba, ba ki zo jana'izarsa ba, kuma shekara kusan arba'in ba mu taɓa tayar da zancen ba. Kina tsoron ki ga kanki a majigi a matsayin ƙanwar da ta gudu. A lokacin kina da cikin Tegan wata bakwai, kowa a tsorace yake, ban riƙe ki da komai ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ƙunshin nan da ke zuwa asibiti duk wata babu sunan mai aikowa, safar ulu saƙar hannu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mun san daga ina yake. Ranar da na farko ya iso, Graeme ya ɗaga safar ya juya ta ya ce duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce ke iya saƙa abu mai muni haka, wato ke, ƙanwata. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan nuna miki mun gane ba, wai kunya za ta sa ki daina. Ƙafafunsa ba sa rabuwa da sanyi a ƙarshe, kuma ba ya yarda a sa masa wata safa sai taki. Da wata koriya daga cikinsu muka binne shi. Ni na ba Tegan wannan labari, kuma iyakar abin da ke cikin fim ɗin game da ke ke nan. Da aka zo wurin, tsofaffin nan sun yi dariya.

Ki kira yarinyar nan, ƙanwata. Ranar ashirin ga Maris za a nuna wa jama'a. Ta ce ta ware miki kujera kusa da tawa, ko kin zo ko ba ki zo ba, babu wanda zai zauna a kai.

Ki gaishe min da Colin, da ɗanki Warren da matarsa Priya, da jikokinki duka. Gwaggo Beryl ma tana gaishe ki, ta cika tasa'in da huɗu, ta ce ko a keken guragu sai an kai ta kallon fim ɗin.

Yayanki mai ƙaunarki kullum,
Lindsay