A Mayar Wa Malama Rifkatu Ɗakinta

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu ta Horar da Malamai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya, iyali lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so.

Ka gafarce ni idan ka ga rubutun nan yana tsalle a kan layi, murna ce ta sa. Shekaranjiya na dawo daga Babura inda na yi koyarwar gwaji, kuma malamin da ya duba mu ya ce na ci. Ni Sa'idu, wanda aka taɓa shawarar a ɗaure masa kayansa a mayar da shi Gwiwa! Tun daga tasha nake dariya ni kaɗai. Na gaida mai shayi, na dawo na sake gaishe shi, na gaida wani jaki da aka ɗaure a bakin kasuwar Kazaure, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiyar ce ta yi yawa. To amma a cikin murnar nan ina da kuka, kuma na zaɓi in faɗe shi a bainar jama'a, don ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na farko. A shekarata ta biyu a nan, motar gyaɗa ta kife da yayana Buba a hanyar Daura, Allah ya karɓi abinsa. Shi ya dage a bar ni in yi boko lokacin da Baffa yake so in bi shanu. Na je gida aka yi zaman makoki na dawo, amma abinci ya daina shiga, barci ya gudu. Malami na magana ina kallon allo ban ga komai ba, daga baya ma na daina shiga ajin. Malamin horo ya ce lalaci ne, ya ba ni lauje in yanke ciyawar filin ƙwallo. A ɗakin magani aka taɓa goshina aka ce babu zazzaɓi, aka ba ni ƙwayar ciwon kai. 'Yan ɗakinmu suka ce iska ce, suka janye gadajensu daga nawa. Duk kwalejin nan babu wanda ya tambaye ni me ya same ni.

Na biyu. Malama Rifkatu, 'yar ƙasar Jos mai koya mana ilimin tarbiyya, ita ta same ni tsaye a fili da lauje a hannu, ban yanki ko tsinke ba. Ta ce, "Ajiye wannan, zo ka taya ni ɗaukar littattafai." Ranka ya daɗe, littafi ɗaya ne tak a hannunta, ɗan siriri! Na bi ta har ƙaramin ɗakin nan na bayan laburare, mai kujera biyu da tulun ruwa. Ranar ba ta matsa mini da tambaya ba. Tana duba takardun jarrabawa, ni ina zaune, ta ce in dawo gobe. Sannu a hankali bakina ya buɗe, har na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba, cewa nakan je bakin dam in daɗe ina kallon ruwa. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ta sa na yi mata alkawarin duk ranar da ƙafata ta nufi can, wurinta zan fara biyowa. Ita Kirista ce, amma da kanta ta kai ni wurin limamin kwaleji ta ce ya riƙa zama da ni. Ta kuma haɗa ni da likita a Kano. Ga ni yau, ina tsaye gaban yara ina rera musu lissafi suna amsawa, hayaniya tana tashi har hedimasta ya leƙo.

Na uku, kuma nan ne kukan. Ina isowa kwaleji na ruga ɗakin nan in yi mata albishir. Na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta taga, sai ga akwatunan talbijin jibge har rufi, cikin kayan da gwamnati ke ta aiko mana tun da arzikin man fetur ya zo. Talbijin, a kwalejin da injin wutarta yake tari in an kunna fitilun aji! Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na samu Malama kuwa dariyar ta tsaya. An mayar da ita gindin darbejiyar gaban ɗakin cin abinci, inda kowa ke wucewa. Ta yi murna da ni ƙwarai, sannan ta ce tun da aka rufe ɗakin ba wanda ya zo wurinta. Wa zai zauna ya yi kuka 'yan ajinsu na kallo?

Akwai wani ɗan aji ɗaya, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Jiya na gan shi a filin ƙwallo da lauje, yana tsaye bai yanki komai ba. Na san wannan tsayuwar. Na je na tsaya kusa da shi, na ce ya zo mu je wurin Malama. Ya kalli darbejiyar, ya kalli taron da ke layin abinci, ya girgiza kai.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a buɗe ɗakin nan a mayar wa Malama Rifkatu, tun kafin makon nan ya fita. A rage mata darussa don ta samu lokacin sauraro. A tura wani malami namiji ya koyo aikin, saboda akwai masu jin nauyin magana da mace. Sannan duk ɗalibin da ya fara ƙaurace wa aji, a tambaye shi damuwarsa kafin a miƙa masa horo.

Batun inda za a kai akwatunan kada ya dame ka, kuma ba sai an ɗauko 'yan dako ba. Ka ba da mukulli kawai, ka tsaya a barandar ofishinka. Za ka ga masu fitowa ɗaukar kaya, har da waɗanda ba ka taɓa zato ba, 'yan ƙwallo da masu zuwa na ɗaya a aji. A ranar za ka san yawan mu da muka taɓa zama a kujerar nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kwalejin nan lafiya, ya raya maka zuriya.

Wassalam.

Ɗalibinka mai biyayya,
Sa'idu na Gwiwa, ajin ƙarshe.