Zaitun Ɗaya a Bakin Emidio

Zuwa ga:
Mai Girma Lauya Gualtiero Bendandi,
Shugaban Kwamitin Ɗaukaka Ƙara,
Gasar Matasa ta Kofin Gaɓar Gabas.

Daga:
Nazzarena Romandini,
Mai suyar kifi da zaitun,
Layin Masu Ɗinkin Koma, Porto San Liberio.

Alhamis, 25 ga Satumba, 2025.

Game da: Soke nasarar direba Emidio Romandini, mai mota lamba 27, saboda zaitun guda ɗaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, ni da sunana yake a sama, kakar direban da aka ambata, ina gabatar da ƙorafina gaban kwamitinka mai daraja game da hukuncin da alƙalan tsere suka yanke a filin Collerosso ranar Lahadi, 21 ga Satumba. Mai ƙungiyar da jikana yake tuƙa wa mota ya riga ya shigar da nasa ƙorafin da yaren lauyoyi, wannan nawa ne na kaina. Kafin in shiga bayani, ina roƙon a rubuta a kundin kwamiti cewa jikana ya zo na ɗaya. Na san an soke, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, amma dai ya zo na ɗaya. Idan aka ga na maimaita wannan magana a ƙasa, a yi mini uzuri, shekara tara nake jiran ranar da zan faɗe ta.

1. A ranar da aka ambata, Emidio ya tashi daga layi na bakwai, ana yayyafi. Ni ban san sunayen kwanonin hanyar tseren ba, ban kuma san abin da ake nufi da tayar ruwa da tayar rani ba, abin da na sani shi ne lamba 27 da jar hular kwanonsa. Na ga hular ta wuce mutum ɗaya, ta wuce biyu. Da ta wuce na uku, ƙawata Palmira, wadda muke zuwa kowane tsere tare tun yaron yana tuƙa ƙananan motocin yara, ta damƙe mini hannu har yau shatin yatsunta na nan. A zagaye na ƙarshe ya rage saura wani yaro ɗan Milano a gabansa. A kwanar ƙarshe Emidio ya shiga ta ciki, ta wata 'yar kafa da ni ko da kwandon kifi ba zan bi ba, ya fito a gaba, aka kaɗa masa tuta. Ranka ya daɗe, shekarata saba'in da huɗu, likita ya hana ni hawa bene da sauri, amma shaidu sun tabbatar mini cewa na tsallake kujeru layi uku. Palmira ta rasa takalmi ɗaya, kuma ta ce kada a wahalar da kowa wajen nema, ta bar wa filin kyauta.

2. Ina sanar da kwamiti cewa a gidanmu, kamar gidaje da yawa a layinmu, idan namiji ya dawo daga teku, macen gidan ce take tarbarsa a bakin ruwa ta sa masa loma a baki tun kafin ya yi wa kowa magana. Haka surukata ta yi wa mijinta, haka na yi wa nawa shekara arba'in. Ba cin abinci ba ne, ranka ya daɗe, alama ce cewa ruwa ya sake shi ya dawo wurin masu rai. A da burodi ake bayarwa. Ni da yake sana'ata ce, soyayyen zaitun nake bayarwa, irin wanda ake cire ƙwallon a cusa masa nama. Tun ranar da Emidio ya fara shiga mota nake ɗaukar filin tsere a matsayin teku, domin a ganina babu bambanci: ya tafi, ina tsaye, ban sani ba ko zai dawo. Saboda haka da ya tsayar da motar, ya cire hula, ya rugo bakin shinge inda nake, sai na buɗe gwangwani na sa masa zaitun ɗaya a baki. Ɗaya tak. Ina jaddada wannan domin akwai masu cewa uku ne, kuma na san wace ce ta fara yaɗa zancen.

3. Ƙorafina na farko shi ne babu wanda ya taɓa gaya mini cewa ba a ba direba komai, ko da ruwa, sai an ɗora shi a sikeli. Alƙalai sun rubuta cewa ya kamata iyalan direba su san wannan doka tun da shekararsa biyu a gasar. Da dukkan girmamawa, ta ina za mu sani? Shekara biyun nan jikana na takwas yake zuwa, na goma, ranar da aka yi sa'a na shida. Irin waɗannan can bayan gini ake kai motocinsu, kafin in zagaya da ƙafafun nan nawa an daɗe da auna shi, in ba shi lomarsa, kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka yi nasara ne kawai ake tsayarwa a gaba, daf da shingen jama'a, inda hannun tsohuwa zai kai. Mu ba mu taɓa yin nasara ba sai ranar. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to mu dokar masu zuwa na takwas muka haddace, ta masu zuwa na ɗaya ba wanda ya karantar da mu. Kuma ga shi ya zo na ɗaya.

4. Ƙorafina na biyu ya shafi babban alƙalin ranar, Sinyor Fulvio Zaccherini. A takardar hukunci mai ɗauke da sa hannunsa an rubuta cewa wata mata ta ba direba "wani abu da ba a tantance ba". Ranka ya daɗe, wannan ya fi soke nasarar ƙona mini rai na tsawon wuni guda. Daga tasharmu ta jiragen kamun kifi har garuruwa uku zuwa arewa babu wanda bai tantance zaituna ba. Shi kansa Sinyor Zaccherini ya tantance shi da tsakar ranar, a bayan rumfar makanikai, inda ya ci huɗu daga wannan gwangwani, ya lashe yatsa, ya tambaye ni ko ɓawon lemun tsami nake gogawa a cikin naman. Na ce masa eh. Mutumin da ya gano ɓawon lemun tsami da harshensa bai kamata bayan awa uku ya rubuta cewa bai san ko mene ne ba. Ban ce mugu ba ne. Da ya zo karɓar kofin a cikin motar da ta kawo mu, inda na rungume shi a cinya, bai iya kallon idona ba, sai haƙuri yake ta ba Palmira, wadda ba ita ce kakar ba.

5. Ƙorafina na uku shi ne batun nauyi. An bayyana mini cewa mota da direba sai sun kai wani nauyi, kuma ana gudun kada a ɗura wa direba ruwa ko a zura masa ƙarfe a aljihu don ya cike. Wannan na fahimta, a kasuwarmu ma akwai masu jiƙa kwando kafin awo, kuma ni ce kan gaba wajen tona musu asiri. Amma takardar alƙalan da kanta ta nuna Emidio da motarsa sun haura abin da ake bukata da fiye da rabin kilo. Ranar Talata, 23 ga wata, na ɗauki zaitun ɗaya daga irin wancan na kai babban sikelin tasha, a gaban mai awo da masunta biyar, allurar ko motsi ba ta yi ba. Mai awo ya ce in ƙara, na ƙara, sai da muka zuba kusan rabin gwangwani kafin ta yi ɗan nishi. Daga nan shaidun suka cinye hujjar, amma duk sun ce a shirye suke su bayyana gaban kwamiti, musamman idan za a sake gwajin.

6. Ina roƙon kwamiti ya san abin da ke rataye a kan wannan hukunci, domin ba kofi ba ne. Kofi muna da wurin ajiye shi, na riga na kwashe hotunan bikin aure daga kan kabad, amma ba shi ne damuwata ba. Shekara biyu da suka wuce, a kan teburin gidana, Emidio da baffansa Gaetano, wanda yake riƙe da jirgin kamun kifin gidanmu, suka yi alkawari: idan yaron ya cika shekara goma sha takwas bai ci ko tsere ɗaya ba, zai ajiye hula ya hau jirgi. Idan ya ci, masuntan tasharmu za su ci gaba da tsaya masa da kuɗinsu, kuma wata ƙungiya ta ce za ta gwada shi a babbar mota da sanyin bana. Zai cika sha takwas ranar 8 ga Nuwamba. Tsere ɗaya ya rage, na 19 ga Oktoba, a filin da motarsu ba ta taɓa yin abin kirki ba.

Ranar Lahadin, da labari ya isa gari, Gaetano ne ya fara danna hon ɗin jirginsa, sauran jiragen suka amsa, limamin cocinmu ya sa aka kaɗa ƙararrawa kamar ranar idi, mai gidan burodi ya rufe shago ya raba abin da ya rage. Gaetano ƙato ne, amma an gan shi yana kuka yana share hanci da hula. Da labarin sokewa ya biyo baya, ya ce shi a wurinsa yaro ya ci, alkawari ya warware. Emidio ne ya ƙi. Ya ce an yi magana a kan nasarar da ke rubuce, ba wadda aka yi wa hon ba, kuma shi ba zai fara zama namiji da cin alkawari ba. Taurin kan nan na san inda ya gado shi, ba kuma daga wajen uwarsa ba. Har yanzu garin bai sauke tutoci ba, ni ma ina cikin suya sai in ji dariya ta kuɓuce mini ni kaɗai, masu saye suna kallona. Amma in na ɗaga kai na hango jirgin Gaetano a ɗaure, sai dariyar ta tsaya.

7. Alƙalai sun ce ko da kakar ba ta san doka ba, direba ya sani, don haka laifin nasa ne. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye wa kwamiti ba. Ranar Litinin da safe, ina cire ƙwallon zaitun yana taya ni, na tambaye shi ko ya san dokar. Ya ce ya sani sarai. Ya ce ya ga hannuna ya taho, ya kuma ga Sinyor Zaccherini tsaye a gefe da takarda. Na ajiye wuƙa na ce masa sakarai, don me bai kau da kai ba, ai da na jira.

Ranka ya daɗe, mahaifin Emidio shi ne ɗana Saverio. Ya fita teku ranar 3 ga Fabrairu, 2011, yaron yana da shekara uku. Na je bakin ruwa da burodinsa a hannu kamar kullum. Jirage suka shigo ɗaya bayan ɗaya, nasa bai shigo ba, na koma gida da burodin. Ban taɓa ba Emidio wannan labari ba, ban san wa ya ba shi ba, a layinmu ba a rasa mai bayarwa. Ga amsar da ya ba ni, na rubuta ta yadda ya faɗa, har da sunan da yake kirana, Nonna, wato kaka:

"Nonna, sau ɗaya kin taɓa komawa gida da lomar a hannunki. Ni ba zan sa ki yi na biyu ba, ko da kofi goma ne."

Ya faɗi haka ya ci gaba da cire ƙwallo. Ni kuma na tashi na ce mai ya yi zafi, alhali ko wuta ban kunna ba.

Saboda dalilan da suka gabata, ina roƙon kwamiti mai daraja da ya yi waɗannan:

Na farko, a mayar da sunan Emidio Romandini inda ya sa shi da hannunsa, wato a sama, kafin ranar 8 ga Nuwamba.

Na biyu, a gyara takardar hukunci, a cire "wani abu da ba a tantance ba", a rubuta soyayyen zaitun.

Na uku, idan dole sai an hukunta wani, an ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To ni na ɗebo, kada a ƙona bakin yaro. A karɓe katina na shiga fili, na bana da na baɗi da na duk shekarun da Allah ya rage mini. Zan tsaya a bakin titi, wajen babbar ƙofa, da gwangwanina, sai an auna shi, an auna motar, an auna duk abin da ake son aunawa. Jira ba baƙon abu ba ne a wurina, na iya shi. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya zama a ƙofar filin tsere zan riƙa jiransa, ba a bakin ruwa ba.

Tare da wannan takarda akwai gwangwani mai zaitun talatin, suyar safiyar yau. A auna ɗaya a sikelin kwamiti. Sauran a ɗumama su kaɗan a tanda, kada a sa su a mai karo na biyu, kuma a ajiye wa Sinyor Zaccherini huɗu.

Ina mai ƙanƙan da kai da jiran adalcinka, Allah ya ƙara girma, ya dawo maka da duk wanda kake jira lafiya.

Taka mai biyayya,

Nazzarena Romandini,
Kakar wanda ya zo na ɗaya.