Firinta Ba Ta San 'Yar Haya Ba

Auta,

Na zo tashinka, na tarar kana ta minshari. Na ce ka bar min manhajar rubutun da ta zo da kwamfutata, ka nace sai ka saka min wata kwamfutar ta manhaja a cikin tawa kamar 'yar haya, wai ta fi. To, a cikin 'yar hayar taka na rubuta tambayoyin jarrabawar yau, shafi shida. Da na zo bugawa, firinta ta ce ba ta san da zamanta ba.

Da biro na kwafe, ga ɗalibai arba'in suna jirana.

Kafin in dawo ka fito min da aikina, ka sallami 'yar hayar. In ba haka ba, jarrabawar gobe shafi tara ce. Biron yana kan filonka.

Yayarka