Tabon Kofi a Bayan Citlali

Wisconsin, Amurka, watan Nuwamba

Zuwa ga Yayata Eufemia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Mama da yara. Yaya ƙafar Mama? An gama girbin masara? Mu nan sanyi ya kama, shanun da maigidana Anselmo ke tatsa ne kaɗai ba su damu ba.

Ban faɗa miki wannan a waya ba, don a shagon Don Melitón kike ɗauka, matarsa kuwa ba abin da ke wuce kunnenta. Don Allah kada ki karanta wa Mama.

'Yata Citlali ta yi tari, ƙirjinta ya cushe, sai na yi mata ƙahon kofi yadda Mama take yi mana: guntun kyandir a kan kwabo, a kife kofin gilashi, fata ta taso. Ba tsaga, ba jini. Ta samu sauƙi ta koma makaranta, ni ko a raina ban kawo zancen jajayen tabon da suka rage a bayanta ba. Ashe malamarsu ta gani da suna canja riga za su fita wasanni.

Ran nan sai ga farar mota a gaban gidan kwanon da mai gonar ya ba mu, wata Baturiya ta fito da jaka. Kin san abin da ake koya wa duk wanda ya iso nan ba takardu: in an ƙwanƙwasa, ba ka nan. Na ja Citlali muka kwanta a ƙasan banɗaki, na toshe mata baki, ina jin ƙaurin tortiya, wainar masararmu, a kan wuta na kasa tashi. Baturiyar ta dawo wata rana, muka sake ɓuya. A ƙarshe ta maƙale kati a ƙofa, Citlali ta karanta mana, don ita kaɗai ke jin Turanci. Ba 'yan shige da fice ba ne, Yaya. Ofishin kula da yara ne, masu raba yaro da iyayen da ke dukansa.

Anselmo ya ce mu tattara mu gudu wurin ƙaninsa. Na ce, "Mun ɓuya, yanzu kuma mu gudu? Ai ko ni ce su, na gama yanke hukunci." Ko a hamadar da muka ratsa muka shigo ƙasar nan ban ji tsoro irin wannan ba. Kullum Citlali ta hau motar makaranta sai in ga kamar ba za a dawo mini da ita ba.

Ki kunna mana kyandir a coci. Ƙanwarki,
Herlinda

Wisconsin, watan Disamba

Yaya Eufemia,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Da fatan sanyin dutse bai tayar mata da ciwon ba.

Akwai wani ɗan ofishi a bayan cocinmu inda ake rabon wake da shinkafa, a ciki akwai mai ba iyalai shawara, Malama Ofelia. Matan nan cewa suke masu taɓin hankali ne ke shiga ɗakinta, ni ma da bakina na faɗa. To, na shiga, na yafa gyale har ido don kada a gane ni. Ta dube ni ta ce, "Herlinda, cire gyalen nan, duk garin nan ke kaɗai ce mai koren takalmi."

Na ba ta labari ina kuka. Ta ce kakarta ma haka take yi musu. Amma ba ta lallashe ni da ƙarya ba. Ta ce, "'Yar'uwa, tabon ba shi ne babbar matsalar ba, rufe ƙofar ne. A wajensu mai ɓuya yana da abin ɓoyewa. In suka sake dawowa, da ɗan sanda za su zo." Nan take ta kira Baturiyar a waya, ta ce mu shirya kofuna da kyandir.

Da suka zo, Ofelia ta ce sai an nuna wa Baturiyar ƙahon a jikin mutum. Anselmo ya ce, "Ni? In tuɓe a gaban matar mutane?" Ofelia ta ce, "Kwanta, malam, shanu sun ga abin da ya fi wannan." Ina kifa kofin kyandir ya ɗiga masa a baya, bawan Allah ya daure. Baturiyar ta taɓa tabon da yatsa, ta yi rubutu, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Sannan ta ce za ta gana da Citlali ita kaɗai. Suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa. Yarinya 'yar shekara takwas, Yaya, da harshen da ba na ji, kuma a bakinta rayuwarmu take. Ofelia ta riƙe hannuna har suka fito. An ce mu jira.

Taki mai begenki,
Herlinda

Wisconsin, watan Fabrairu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki gaya wa Mama jikarta tana nan tana tsawo.

An rufe maganar, Citlali tana hannuna. Sharaɗinsu kawai, in ta yi ciwo a kai ta asibiti. Na yi tamale, alalen masarar nan tamu, na kai wa Ofelia, na ɗauka komai ya wuce.

Makon jiya na lura Citlali tana ɗingishi, kuma ta hana ni yi mata wanka, wai ta girma. Da na matsa na ɗaga wandonta, sai ga yanka a cinya ya kumbura har da ruwa. Wayar shinge ce ta yanke ta, ta ɗaure da safa ta yi shiru. Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?" Ta ce, "Mama, in suka gani za su ce ke ce."

Na so in wanke da ruwan gishiri in rufe bakina, wallahi na so. Amma jikinta ya yi zafi. Na kira Ofelia, ta zo da motarta ta kai mu. A hanya take ce wa Citlali, "Gaskiya kawai za ki faɗa, 'yata, ba wanda zai taɓa mamanki."

Likitan mutumin kirki ne. Ya durƙusa ya tambaye ta da fara'a yadda ta ji ciwon. Gaskiyar ba ta da wani aibu, shinge ne kawai. Amma 'yata ta juyo ta zuba mini ido, tana jira in nuna mata abin da za ta ce, shi kuma likitan ya bi idonta ya dube ni.

An ɗinke, an sallame mu, ba wanda ya ce komai. Ofelia ta ce in riƙa kawo ta duk Laraba su zauna su yi zane, ni ma in zauna. Za mu je. Ƙafar tana warkewa, amma har yau in mota ta tsaya a waje, kafin in juyo Citlali ta shige banɗaki.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki har abada,
Herlinda